Shatin Haƙora a Jikin Yumɓu

Ka ce kana zargin akwai labari a gidanka, matarka ba ta faɗa ba, kai kuma kana tsoron tambaya. To gyara zama, in ba ka misalin wata maginiyar tukwane da mijinta, mutanen wani ƙauye da ba shi da abin alfahari sai ramin yumɓu.

Sau biyu matar nan tana samun ciki, sau biyu yana zubewa kafin ya kai wata huɗu. Duka biyun ta yi saurin faɗa, saboda haka da masana suka zauna, sai suka yanke hukunci cewa baki ne ya kama ta. Kwandon yumɓun da take ɗaukowa a ka daga rami, tafiyar rabin sa'a, sau uku a yini, shi ba wanda ya tuhume shi. Sai ta yi wa kanta alkawari: in Allah ya sake ba ta, ko mijinta ba zai ji ba, sai cikin ya fito ya faɗa da kansa.

Bayan shekara guda ta yi ɓatan wata. Ta yi shiru. Daddawar da ta tashi da ita tun tana yarinya ta fara tayar mata da zuciya, ta riƙa zagayawa bayan rumbu tana amai a hankali kamar mai sata. Tana cikin gina tulu sai gyangyaɗi ya kwashe ta, bakin tulun ya karkace. Mijin, wanda shi ke kai tukwanen kasuwa a kan jaki, ya ji miya ta yi salam, ya kuma ɗaure tuluna uku masu karkataccen baki daga hannun da bai taɓa kuskure ba. Sai wata safiya ya ɗaga jiƙaƙƙen tsumman da ake rufe curin yumɓu da shi, ya tarar da shatin haƙora a gefe, gatsa biyu, tsaf. Ya san akuya ba ta mayar da tsumma in ta gama. Ya rufe, ya gane ciki ne, domin wancan karon ma da cin ƙasa aka fara.

Daga nan gidan ya zama na mutum biyu masu gadin sirri ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Shi yana tsoron in ya furta, bakinsa ne zai jawo na uku. Ita kuwa ta san ranar da ta fasa zuwa rami, ranar matan unguwa za su gane, don haka ta ci gaba da naɗa gammo, har tana ƙara cika kwandon kada a ce ta canja. Ya gwada dabaru irin na maza. Ya ce kasuwa ta mutu, a rage gini. Ta ce damina na tafe, randa za a nema. Ya ce jakin nan yana son motsa ƙafa, bari ya ɗauko mata yumɓun; ta ce, "Haba Malam, so kake a yi da ni a gari?" Kullum ta fita yana tsaye a bakin zaure yana kallon yadda wuyanta ke rawa da kwando. Kullum ta dawo yana duban bayan zaninta ta wutsiyar ido, ita kuma tana yi kamar ba ta gan shi ba.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, a bakin ramin. Ta sunkuya za ta kama kwando, wani abu ya murɗa mata a mara, irin murɗar da ta riga ta sani. Ta tsaya a sunkuye. Mata bakwai na wurin, ga tsohuwar da ke ɗora wa kowa kaya, wadda duk suke kira Gwaggo. Zaɓi biyu ne: ta ɗauka ta tafi da sirrinta, ko ta faɗa a gaban mata bakwai.

"Gwaggo," ta ce, "ba zan iya ɗauka ba. Wata na uku ke nan."

"Ke 'yar nan, mu za ki ba labari?" in ji tsohuwar. "Tun ran da muka ga kina lasar yatsa a ramin nan. Sati biyar ke nan, in kin juya naɗa gammo in kwashe miki rabi in zuba wa Ladingo da ke tsaye nan, ke kuma ki juyo ki ce kwando bai cika ba, ki ƙara. Wuyan Ladingo ya kusa karyewa saboda sirrinki. Zauna, don Allah."

Aka aika a kira mijin, ya zo a guje ko hula babu. A asibitin gari malamar ta duba, ta ce cikin na nan, amma da kyar. Ta hana ta ɗaukar ko da buta, sannan ta tambayi mijin tun yaushe ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce sati shida. Matar ta juyo ta dube shi.

"Kin bar haƙoranki a yumɓu," ya ce.

Wata shida ba ta taka bakin rami ba. Garin duka ya ji, aka yi ta magana son rai, da masu fatan alheri da waɗanda ba a tabbatar ba. Ban ce baki ba ya kamu ba, ni wa? Na dai lura tun da aka sauke kwandon ƙarfin bakin ya ragu ƙwarai. An yi suna bayan girbi.

Saboda haka tashi ka koma gida. Ka fara karɓar bokitin da ke hannunta, sannan ka tambaye ta a hankali. Hausawa sun riga mu faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.