Cokalin da Ba Ta Nema Ba

Tsinken cin abinci irin na 'yan China ya sake suɓuce wa Bilki, ya faɗa ƙarƙashin tebur. Kafin ta sunkuya, sai ga cokali an ajiye mata a gefen faranti, ba ko ƙara. Ba ta ɗaga kai ba. Hannun farar riga kawai ta gani yana janyewa.

Ita fa da ma ba ta so zuwa ba. Tun a mota take roƙon Hajiya Sa'adatu, shugabar ƙungiyarsu ta mata manoma, ta sauke ta a tasha ta nemi motar Gozaki. Hajiya ta ce sam, wadda ta fi kowa waken suya a bana ba za ta bar Funtuwa da yunwa ba, kuma ba ko'ina za su ci ba sai sabon gidan abincin 'yan China.

Gida ne wanda ko takalminka sai ka ji kunyarsa. Jajayen fitilu a sama, sanyi kamar cikin randa, tsakiyar teburin gilashi ne mai juyawa. Hajiya tana juya shi tana ba da labari. Ta ce yau ne ƙarshen watan gwaji na masu kawo abinci. Waccan da ke tsaye bakin kantar biyan kuɗi ita ce Madam mai gidan, ta daɗe a ƙasar nan har tana jin Hausa. Wanda baƙo ya yaba masa, ya ambaci sunansa, ya samu aiki. Wanda aka yi ƙorafi a kansa, ya cire rigar kafin la'asar.

Bilki ta san wannan tun kafin Hajiya ta faɗa. Ta kuma san aikin saurayin da ke teburinsu shi ke riƙe da gida guda a Gozaki, tun da 'yan bindiga suka hana leƙa gonakin daji. Akwai tsoho a kwance. Akwai ƙanne a makaranta.

Aka kawo abinci. Na Hajiya taliya ce da jatan lande, ta yi jawur da barkono. Irinta Hajiya ta ce a kawo musu su biyu. Amma abin da aka ajiye wa Bilki farar shinkafa ce da kaza a cikin romo, ba yaji, ba maiƙo, irin abin da likita ya yarje mata tun da gyambon ciki ya kama ta.

Saurayin ya rusuna ya tambaya ko akwai abin da za a ƙaro. Bilki ta kau da kai wajen taga, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Hajiya ta yi dariya. "Ke Bilki, ba cizo yake ba. Ɗan garinku ne ma, ji maganarsa."

Bilki ta ce, "Uhm."

Madam ta gani. Ta ga farantin da ba shi aka ce a kawo ba, ta ga baƙuwa ta kau da kai har sau biyu. Ta ɗan tsuke baki.

Bilki ta lura da kallon Madam. Ta ɗauki cokali ta shiga ci da sauri, tana tura loma ba ta ko jin ɗanɗano, don a ga abincin ya yi mata. Ta cinye tas, ta kwankwaɗe ɗan kofin shayi marar sukari da aka kawo tare da abincin, ta yi hamdala da ƙarfi yadda za a ji daga kantar Madam. A ranta tana ta Allah ka rufa asiri, Allah kada Madam ta zo nan.

Sai ga ta ta zo. Saurayin na bayanta da tire a hannu, a tsaye ƙyam.

Madam ta gaishe su da ladabi, ta ba da haƙuri. Ta ce ta lura yaronta ya canza wa baƙuwa abinci ba da izini ba, kuma baƙuwa ba ta ko son ganin fuskarsa. Hajiya ta fara kare shi, Madam ta ɗaga hannu. Hajiya kowa take yabo, in ji ta. Daga bakin wannan baiwar Allah take so ta ji.

"Abinci ya yi daɗi," in ji Bilki, tana kallon faranti.

"Abinci na mai dafawa ne. Wa ya yi miki hidima?"

"Wannan."

"Wannan ba suna ba ne, Mama. Ga shi a ƙirjinsa."

Hajiya ta taɓo ta a ƙarƙashin tebur, ta raɗa mata cewa in bokon ne matsala, *Awwal* aka rubuta. Ba bokon ba ne. Bilki ta yi firamare. Harshenta ne ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Madam ta jira, ta jira, sannan ta juya ta miƙa hannu za ta cire ɗan allon sunan daga rigar.

"Muhammad Awwal," in ji Bilki. Ta sake faɗa da ƙarfi har na teburin gaba suka waiwayo. "Muhammad Awwal Isyaku. Ban taɓa ganin mai hidima irinsa ba. Ki bar shi."

Madam ta dube ta, ta sauke hannunta, ta gyara masa allon da kanta, ta koma bakin kantar.

Hajiya ta ƙura wa ƙirjin rigar ido. Kalma ɗaya ce tak a jiki. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta ji kofuna na kaɗawa a kan tire. Saurayin da tun azahar bai zubar da ko ɗigo ba, ga hawaye na sauka a kan farar rigarsa.

Ɗan farin Bilki ne, kuma tun da ta haife shi yau ne ya fara jin sunansa a bakin mahaifiyarsa.