Hannun Mai Tsire

Ranar kasuwar Batsari na soka wa Baba tsinken tsire a bayan hannu. Bai ko motsa ba.

Mutane sun daɗe suna yaba masa, wai shi kaɗai ke gyara garwashin tukuba da yatsu. Ni kuwa tun dawowata daga jami'a nake kallon girarsa da ta zube, da kunnuwansa da suka yi kauri, da hancinsa da kullum a toshe.

An koya mana irin wannan kuturtar. Garkuwar jiki ba ta tashi yaƙarta, sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa a fata da jijiyoyi har jin zafi ya ɗauke. Magani yana kashe su, amma ba ya maido abin da suka cinye.

"Sarkin wuta, ƙaro yaji!" in ji wani mai saye.

Baba ya sallame shi, sannan ya sunkuyo kusa da ni.

"Na ga tsinken, uwata. Tun bara na sani. In kin faɗa, wa zai ƙara cin naman hannuna?"

Ya mayar da hannu cikin garwashi. Na ji ƙauri, ba na nama ba.