Kushewa a Ƙasan Dam

Sabi'u, ka ce sai aiki ya yi sauƙi za ka je ka duba gwaggonka. To, gyara zama ka ji wani abu.

An yi wani ɗan kasuwa, mutumin kirki, mai riƙe da mahaifinsa a gida. Abin da kawai yake ɗauke masa hankali shi ne fatsa. Ba don ci ba, ba don sayarwa ba, don nishaɗi. Ya sayi ƙaramin jirgi mai inji ya ajiye a bakin dam, da sanda mai keken naɗe zare, da akwati cike da kifayen roba masu ƙugiya a ciki, wani ja, wani kore, wani yana walƙiya kamar azurfa. Yakan jefa kifin robar nesa, ya riƙa jawo shi a hankali yana rausaya kamar mai rai, har babban kifi ya taso ya cafke. Ranar hutu ba ta samunsa a gida. Shi da abokansa suna kan ruwa.

Dam ɗin nan kuwa a kan garinsu aka yi shi. Yana goye aka tashi mutane, kuma a bayan gwaggonsa aka fito da shi, domin mahaifiyarsa ta rasu kafin tashin, an binne ta a can. Ruwa ya zo ya rufe gidaje da gonaki da maƙabarta. Mahaifin nasa ya san wurin har yanzu. Yakan ce in ka saita wasu duwatsu biyu na gabas da bakin tsohon rafi, to kana kan maƙabartar. Da tsufa ya kama shi sai ya fara roƙon ɗan: “Ka ɗauke ni a jirgin nan naka, ka kai ni in tsaya a kan uwarka in yi mata addu'a. Kai ma ka ga wurin.” Ɗan ya ce, “In sha Allahu, Baba, sati mai zuwa.” Kuma ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa yana nufin kai shi. Sai dai wannan satin iska ta yi yawa, wancan jirgi ya cika da baƙi, na gaba kuma lokacin giwan ruwa ne, ba a wasa da shi. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo.

Ran nan dai ɗan ya tsayar da rana. Tsohon ya yi wanka tun da safe, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki sandarsa da carbi ya zauna a zaure yana jira. Sai abokai suka bugo waya, suka ce kifi ya taso a gindin duwatsu irin yadda ba su taɓa gani ba, in bai zo yanzu ba ya yi asara. Ya leƙa ya hango uban a zaune. Kunya ta hana shi wucewa ta gabansa, sai ya bi ta ƙofar baya, yana cewa a ransa zai dawo kafin azahar ya ɗauke shi. Bai dawo ba sai da rana ta yi ja, da giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka kama masa. Ya tarar da tsohon nan inda ya bar shi. Tsohon ya dubi kifin, ya ce, “Masha Allah. Ka yi kamu.” Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗaki, ya cire rigar ya linke. Daga ranar bai sake tayar da maganar ba. Ɗan kuwa, da ya ga an daina tambaya, sai ya ɗauka an haƙura. Kafin a yi girbi tsohon ya kwanta, bai tashi ba.

Bayan an share makoki mutumin ya shiga neman wanda zai nuna masa wurin. Ya bi ƙauyukan da aka zuba mutanen garinsu. Wannan ya rasu, wancan yana yaro aka tashi, bai riƙe komai ba. Da ƙyar ya samu wani dattijo sa'an mahaifinsa, ya makance. Dattijon ya ce, “Ɗana, ko ka sa ni a jirgin me zan gani? Ubanka ne ya rage mai ido a cikinmu. Ashe bai kai ka ba?”

Mutumin ya koma bakin dam. Ya shiga jirgi shi kaɗai, ba sanda, ba akwati. Ya dubi gabas, ya ga duwatsu sun fi a ƙirga, bai san waɗanne biyu ba ne. Ya kashe inji a tsakiyar ruwa. Ko'ina iri ɗaya, shimfiɗe, ba alama. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, bai sani ba ko a kan uwarsa yake, ko a kan gonar wani. Nan ya zauna yana kuka, iska tana tura jirgin inda ta ga dama.

Addu'a tana isa daga ko'ina, Sabi'u, wannan malamai sun faɗa, shi ma ya sani. Abin da ya hana shi sukuni shi ne tsohon da ya yini a zaure cikin babbar riga. Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.