Mai Jiran Shamuwa a Gindin Kututture

Kai da kake son lissafin gobe, ga wani manomi da ya riga ka. A bakin gonarsa akwai wata tsohuwar tsamiya, inda shamuwa kan sauka duk shekara su yi sheƙa. Shi kuwa yana da igiya mai ƙulli, kowace shekara ƙulli guda, da alamar ranar saukarsu da ranar ruwan shuka. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki. Har ya gane cewa a 'yan shekarun nan tsuntsayen kan makara, damina ma kan makara, ya gyara lissafinsa. Abin da ke cinsa kawai shi ne mutanen gari su tambaye shi a sace, su yi shuka, sannan su gode wa gajimare. "Gari ba ya sanin darajar masani sai ya mutu," in ji shi, yana gyara zaman hula. To, da rani ya dubi tsamiyar nan, ya ga inuwarta na cinye masa kunya uku na gero. Ya sa gatari ya sare ta, ya kuma cike ɗan kududdufin da ke gindinta.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Maƙwabta suka fita da sungumi. Shi ya zauna, don irinsa ƙwarya ɗaya ce tak, kuma ya sha ganin ruwan yaudara ya ƙone iri a rami. Shamuwa ba ta zo ba, igiya ba ta ƙarya. Ana nan har geron mutane ya kai idon sawu, sai wata mai tallan tukwane daga ƙauyen gaba ta iske shi yana hangen sama. Ta ce shamuwa ai sun kwana ashirin a bishiyoyinsu, har sun yi ƙwai. Ta dubi kututturen, ta dube shi. "Baba, a ina kake so su sauka? Kan hularka?" Ranar ya yi shuka, amma ruwa ya ɗauke tun gero na cikin bununi, bai yi ƙwaya ba. Igiyarsa ta san sama, ta san shekaru, ba ta da ƙulli ko ɗaya na gatarin mai ita. Da kaka ya yi ta ƙorafin tsuntsaye sun ci amanarsa, mutane na dariya ƙasa-ƙasa. Dama Hausawa sun ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.