Tukwanen da Diga ta Tono

A wani ƙauye da birni ya miƙo hannu ya haɗiye, an yi wani dattijo mai sayar da goro da ke bugun ƙirji cewa duk abin da ke unguwar nan a nan ya tarar da shi. In ji shi, tun garin yana bukka bakwai aka binne cibiyarsa a gindin kuka, kuma shi ya kori kurar ƙarshe da sanda, tana gudu tana ba shi haƙuri. Baƙin da suka sayi filaye, da yake kowa na ƙishin asali, suka sa masa suna Baban Gari, suna ba shi tabarmar gaba a ɗaurin aure da suna. Ita kuwa kura kowace shekara sai ta ƙara girma.

Da aka tashi gina Islamiyya, liman ya ce a fara bincika inda tsohuwar makabarta take, kada a ɗora gini kan bayin Allah. Wa za a tambaya in ba Baban Gari ba? In ya ce bai sani ba, tabarmar gaba ta tafi ke nan. Sai ya gyara hula, ya nuna gabas, inda gidan mai ya riga ya shafe ƙasa da siminti, ya ce magabata duk can suke, wannan fili kuwa gonar gyaɗar kakansa ce. Aka ja igiya, aka kama haƙa. Kafin azahar diga ta ci karo da jerin fasassun tukwane a kife, irin waɗanda mutanen dā ke rufe kabari da su kafin a tura ƙasa. Leburori suka zubar da kayan aiki suna salati.

Wata tsohuwa maginiya da ke bayan layi, wadda ba wanda ya taɓa tambayarta komai, ta ratso taron. Ta durƙusa, ta shafa bakin tukunya ɗaya. "Ginina ne. Uban yarana ke kwance a nan." Ta ɗago ta dube shi. "Sannu, Baban Gari. Ba kai ne ka diro daga bayan tifar yashi ba shekarar da aka jawo mana lantarki, ka roƙe ni ruwan alwala, kana tambaya ina ne gabas?"

Aka mai da ƙasa, aka yi wa mamata addu'a. Da ma Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.