Yaro Mai In'ina a Bidiyon Laburare

"A maimaita," in ji Malam, yana dariya har da share hawaye.

Aka sake kunna bidiyon. Tsoho ne, daga rumbun bidiyoyin bincike na laburaren jami'a: wani yaro mai in'ina yana fama ya faɗi sunansa. Malam ya kwaikwaye shi, aji ya fashe da dariya. Sannan ya nuna ni. "Ga ƙanwarsa nan. Tashi ki gaishe mu."

Na tashi, in'ina ta maƙale min harshe kamar kullum. Suka ƙara darawa.

Kullum a tsakiya Malam yake kashe bidiyon. Sai na je laburare, ma'aikaciyar ta buɗe min shi a kwamfuta, na kalla har ƙarshe. Can uwar yaron ta shigo ta kama hannunsa na hagu. Yatsu shida, da tabon ƙuna. Hannun da Malam ba ya fitarwa daga aljihu sai zai goge allo.

Washegari ya shigo ya tarar na haska hoton hannun yaron a bango, kowa ya zuba masa ido. Ya buɗe baki. "Wa... wa... wa..."

Na miƙe. Ko gargada ban yi ba.

"A maimaita, Malam."