Bangon Zaure

Tun daga bakin ƙofar gidansu saurayin ya ji ƙamshin ɗanyen shafe, sai ya ɗaga ƙafa. Baturen gine-gine na biye da shi.

Shekara bakwai saurayin yana koyon zanen ɗaki a Wurno. Ayyukansa duk suna ɗakunan amare, inda baƙon namiji ba ya shiga. Don haka kowane zane ya yi, sai ya sake yin shi a bangon zaurensu da jar ƙasa da shuni. Baturen ya ce sai ya ga aikin hannunsa kafin ya ba shi adon sabon masauki a Rabah.

Suka shiga. Bango fari fat, ko ɗigo babu.

Mahaifiyarsa ta leƙo tana murmushi, farar ƙasa har gwiwar hannu. Dama ya gaya mata baƙo na tafe, bai gaya mata abin da zai duba ba.

"Babban baƙo, in bar mai zaure duk dauɗa? Tun asuba nika shafe. Mi yaf faru?"

Baturen ya dubi agogo, ya juya. Shi kuwa ya dafa bangon da bai ko bushe ba, ya ce, "Ba komi, Inna. Ya yi kyau."